Power BI: yaya zan fitar da masu faktir ɗin bashi uku zuwa sama kawai?

Ƴar Garin Malam ta rubuta:

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ina neman taimakon waɗanda suka san Power BI, manhajar nan ta Microsoft mai fitar da rahoto daga bayanai.

Ni ke riƙe da lissafin mangazar kawuna a nan Damagaram, kusa da Kasuwar Dole. Sari muke sayarwa: shinkafa, sukari, man girki, taliya, madara, sabulu. Masu ɗauka wajenmu ƴan tireda ne da masu shago na cikin gari, sai na Mirya da Matamai da Magarya da Tanut. Akasarinsu ba nan take suke biya ba. A rubuta musu faktir su tafi da kaya, in sun sayar su kawo kuɗi ko su aiko ta waya.

To bashi ya yi yawa a waje. Kawu ya yanke cewa duk wanda faktir uku suka taru a kansa bai biya ba, kada a ƙara loda masa ko kwali ɗaya sai ya sauke. Yana son kowace Asabar da safe in miƙa wa yaran mangaza takarda mai sunayen waɗannan mutane, a manna a bakin ƙofa ta ciki.

Duk ciniki ina shigar da shi a Excel, a shafi ɗaya da na sa wa suna Ciniki. Gurabensa su ne Faktir, wato lambar takardar, sai Rana, Suna, Gari, Kaya, Kudi, da Hali. A Hali ina rubuta "bashi" ko "an biya". Kowane kaya layinsa daban: in mutum ya ɗauki shinkafa da mai da sukari a faktir ɗaya, layi uku ke nan. Daga can Power BI ke jawo bayanin. Nawa na Faransanci ne.

Na yi jadawali da Suna da Faktir, na mai da Faktir zuwa "Nombre". Sannan na ja Faktir zuwa wurin tacewa na shafin, na ce mai girman 3 zuwa sama. Sunaye 214 ne kafin in tace, bayan na tace 214 ne. Ko mutum ɗaya bai fita ba. Abu na biyu ya fi damuna. Akwai wani dattijo mai tireda a Mirya, jadawalin ya ba shi 9, ni kuwa na buɗe karne na ƙirga da yatsa, faktir biyu ne kawai a kansa. Da na bi wannan lissafi, da ran Asabar an hana bawan Allah kaya a gaban yara, shi da yake ciniki da kawu tun ban san hannun damata ba. Kawu dama cewa yake kwamfuta ba ta san mutane ba, ban son in ba shi hujja.

Kuma ina son kati ɗaya a sama da zai nuna yawan mutanen da suka kai ukun, da jimlar kuɗin da ke kansu. Yaya ake yi? Allah ya saka da alheri.

Malamin Kwamfuta Karkada ya rubuta:

Wa alaikumus salam Malama. Matsala biyu ce daban, mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Da kika ja Faktir zuwa tacewar shafi, Power BI bai ƙirga komai ba tukuna. Layukan Excel ɗinki ya duba ɗaya-ɗaya, ya tambayi kowane layi ko lambar faktir ɗinsa ta kai 3. Faktir mai lamba 1 da mai lamba 2 kawai ya jefar, in ma suna nan. Su 458 da 1203 duk sun fi 3, shi ya sa kowa ya tsaya daram. Ki tuna yadda kike yi da hannu. Da fari kina ware takardun da ba a biya ba. Sai ki tara na kowane mutum wuri ɗaya. Sai ki ƙirga. Sai bayan kin ƙirga ne za ki iya cewa wannan ya kai uku, wancan bai kai ba. Tacewa biyu ce ke nan, ɗaya kafin tarawa, ɗaya bayanta. "Bashi ko an biya" tambaya ce da layi ɗaya zai iya amsawa. "Sun kai uku?" kuwa babu layin da ya san amsarta, sai tarin.

Batun dattijon Mirya kuma, "Nombre" layuka yake ƙirgawa, ba takardu ba. Tunda kowane kaya layinsa daban, faktir biyu masu kaya huɗu da biyar su ne 9 ɗin nan. Wataƙila ma har da waɗanda ya riga ya biya a ciki. A wurin da kika zaɓi "Nombre", sama da shi akwai "Nombre (éléments distincts)". Shi ke ƙirga kowace lamba sau ɗaya komai yawan maimaituwarta.

Amma ni shawarata ki rubuta ma'auni naki, wato ƙa'idar lissafi da za ki ba suna, don za ki buƙace shi a katin. Ki danna "Nouvelle mesure" ki sa wannan:

Faktir Bashi = CALCULATE(DISTINCTCOUNT(Ciniki[Faktir]), Ciniki[Hali] = "bashi")

Kudin Bashi = CALCULATE(SUM(Ciniki[Kudi]), Ciniki[Hali] = "bashi")

Sunayen ayyukan DAX, wato harshen da ake rubuta ma'auni da shi, ba a fassara su ko da Power BI ɗinki na Faransanci ne, ba kamar Excel ba inda ake rubuta NB.SI. Ki kwafe su yadda suke. In ya ƙi karɓar waƙafi, ki gwada waƙafi mai ɗigo a madadinsa.

Yanzu ki cire tsohuwar tacewar daga shafin. A jadawalin ki sa Suna, Faktir Bashi, Kudin Bashi. Ki danna kan jadawalin, a dama ƙarƙashin "Filtres sur ce visuel" za ki ga Faktir Bashi ya bayyana da kansa. Ki zaɓi "est supérieur ou égal à", ki rubuta 3, ki tabbatar. Ma'auni a nan kaɗai yake shiga. Ba a sa shi a tacewar shafi ko ta dukan rahoto, ba a kuma yin maɓallin zaɓe da shi, wato akwatin da ake dannawa a shafi don tace abin da ake gani, domin a can Power BI bai san kan wa zai ƙirga ba.

Katin shi ne inda mutane da yawa ke tuntuɓe. Kati ba shi da layin Suna, adadi ɗaya kawai yake gani na mangaza gaba ɗaya. Dole ma'aunin da kansa ya zaga mutum-mutum:

Masu Uku = COUNTROWS(FILTER(VALUES(Ciniki[Suna]), [Faktir Bashi] >= 3))

Kudin Masu Uku = SUMX(FILTER(VALUES(Ciniki[Suna]), [Faktir Bashi] >= 3), [Kudin Bashi])

VALUES ya kawo sunayen ba maimaici, FILTER ya ƙirga wa kowa nasa ya riƙe wanda ya kai uku, COUNTROWS ya faɗi ko su nawa suka rage. Ki gwada ki gaya mana abin da ya fito.

Ɗan Sabon Gari 227 ya rubuta:

Yaya, akwai hanyar da ba sai kin rubuta komai ba. Ki shiga Power Query, wurin gyara bayani kafin ya shiga rahoto, ta "Transformer les données". Ki yi kwafin Ciniki, ki tace Hali ki bar "bashi", ki bar gurbin Suna da na Faktir kawai, ki cire maimaici, sai ki danna "Regrouper par" kan Suna ya ƙirga layuka. Zai ba ki sabon gurbi mai adadi, ki tace shi daga 3 zuwa sama kamar yadda ake yi a Excel. Minti biyar an gama.

A jami'a a SQL, harshen tambayar rumbun bayanai, aka koya mana wannan, kuma daidai yake da bayanin Malam:

SELECT Suna, COUNT(DISTINCT Faktir)
FROM Ciniki
WHERE Hali = 'bashi'
GROUP BY Suna
HAVING COUNT(DISTINCT Faktir) >= 3

WHERE kafin tarawa, HAVING bayan tarawa. Sai dai mai aiki da Access, manhajar rumbun bayanai ta Microsoft, ya sani shi ba ya karɓar COUNT(DISTINCT), sai an yi tambaya biyu, ta farko ta cire maimaici ta biyu ta ƙirga.

Malamin Kwamfuta Karkada ya rubuta:

Hanyar ɗalibi daidai ce, kuma in takardar Asabar kawai ake so ta wadatar. Abin lura ɗaya: Power Query yana ƙirgarsa ne lokacin da aka sabunta bayani, daga nan adadin ya daskare. In gobe Alhaji, kawunki, ya ce a nuna masa na watan azumi kawai, ko na masu ɗaukar shinkafa kawai, maɓallin zaɓe ba zai motsa wannan adadi ba, don an riga an jefar da Rana da Kaya. Ma'auni kuwa yana sake ƙirga duk lokacin da aka taɓa wani abu a shafin. Kuma Power Query yana bambanta babban harafi da ƙarami, "Bashi" da "bashi" abu biyu ne a wajensa, DAX kuwa ɗaya yake ɗaukarsu.

Ƴar Garin Malam ta rubuta:

Malam, Allah ya ƙara ilimi. Na bi hanyar ma'auni, sunaye sun sauko daga 214 zuwa 17, dattijon Mirya ya fita da faktir biyunsa. Katin ma 17 ya nuna. Ƙanena na Sabon Gari, na gwada taka ita ma don in gani ko za su yi daidai, 17 ta ba ni. Na gode.

Sai dai abu biyu sun taso. Na so yaran mangaza su ga irin kayan da kowa ya ɗauka, sai na ƙara Kaya a jadawalin. Nan take mutanen suka koma 6. Na cire Kaya, suka dawo 17. Na biyu, jimlar da ke ƙasan Faktir Bashi 61 ta nuna, ni kuwa da na tara layukan da kalkuleta 66 na samu. Biyar ɗin nan ina suka shiga? Kawu mutum ne da in ya ga lissafi ya saɓa da dala ɗaya, sauran takardar duk ta zama shara a wajensa.

Baba Mai Littafi ya rubuta:

Ƴata, sannu da ƙoƙari. Ni tsohon mai riƙe da littafin ƴan kasuwa ne, Power BI bai same ni da ƙuruciya ba, a Excel na tsaya. Amma biyar ɗinki ina jin na san inda suke. Karne nawa kuke rubutu da shi? In kuna da na mangaza da na shago, ko kuma in tsoho ya ƙare an sayo sabo a kasuwa, lambobin sukan sake farawa. Sai ki iske faktir 45 na wani mutumin Tanut, wani faktir 45 ɗin kuma na wata mai shago a Birni. A layin kowannensu ɗaya-ɗaya ne, daidai. A jimla kuwa, tunda kin ce wa na'ura ta ƙirga kowace lamba sau ɗaya, sai ta ga 45 ɗaya ce. Mafi muni shi ne ranar da lambobin biyu suka faɗa kan mutum ɗaya, mai uku ya koma mai biyu ya sulale. Ki ba kowane karne harafi, A da B da C, ki riƙa rubuta A45, B45.

Wanda ya fi wannan cin mutane shi ne suna. Mu nan mutum ɗaya sai a rubuta shi hanya huɗu. Yau Elh. Moussa, gobe Elhadji Moussa, jibi yaron da ya yi makarantar allo ya rubuta Alhaji Musa, wani kuma ya sa Moussa Magaria. Na'ura mutum huɗu take gani, kowanne da faktir ɗaya, babu wanda ya kai uku, alhali shi ne babban mai bashin gidan. Ta ɗaya gefen kuma Ibrahim uku ne ke ɗaukar kaya, an haɗe su sun zama mutum ɗaya mai faktir biyar, a je a hana marar laifi. Har tazarar da yatsa ya ƙara a ƙarshen suna ba a gani tana iya raba mutum biyu. Kafin ki amince da 17 ɗin nan, ki jera sunaye 214 ɗin daga A zuwa Z ki karanta su da ido, da ƙarfi ma in da hali, kawunki na zaune. Shi zai gaya miki wane ne wane. Daga nan kowa a ba shi lamba tasa a wani shafi daban, a riƙa tarawa kan lambar. Kada ki dogara da lambar waya, mutum ɗaya layi uku gare shi.

Ga masu Excel irina da ke karantawa: a tableau croisé dynamique, jadawalin Excel mai tara bayani, ma ana yi. Lokacin ƙirƙirarsa a sa alama a "Ajouter ces données au modèle de données", in ba haka ba "Total distinct" ba zai fito ba, kuma sai daga Excel 2013 zuwa sama. Sannan a danna kibiyar da ke kan sunaye, a shiga "Filtres s'appliquant aux valeurs", a zaɓi "Supérieur ou égal à", a sa 3.

Sai maganar da ba a tambaye ni ba. Ki gai da Alhaji, ki ce masa wani tsoho ya ce ƙirga takarda kaɗai ba ta raba mai gaskiya da mai taurin bashi. Akwai mai tireda a cikin gari da ke zuwa kullum da kabu-kabu, yau kwalin taliya, gobe jarkar mai, jikka goma, jikka goma sha biyar, ran Alhamis in kasuwa ta ci ya biya duka. Wannan kafin Laraba ya tara faktir huɗu, in a ranar aka buga takardarki zai hau. Ga wani kuma ya loda kamyo sau ɗaya tun kafin damina, miliyan biyu, faktir ɗaya tak, har an yi girbi an kai wake kasuwa ba a ga ƙeyarsa ba. Shi ba zai taɓa hawa ba. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, abin dubawa shi ne wa ke juyawa, wa ya kwanta. Na ƙauye ma da ranar kasuwarsu suke biya, mutumin Mirya sai Lahadi ta wuce kuɗi ke shiga hannunsa. Takardar da aka buga ran Asabar da safe ta kama shi a ranar da ya fi kowace nauyi.

Malamin Kwamfuta Karkada ya rubuta:

Baba ya gama magana kan biyar ɗin, haka DISTINCTCOUNT yake, jimlarsa ba tara layukan sama take yi ba, sake ƙirga take daga tushe. Malama, don ki tabbatar, ki yi wani ɗan jadawali da Faktir, kada ya tara lambar, ki sa Suna a gefensa a "Nombre (éléments distincts)", ki tace daga 2 zuwa sama. Duk lambar da ta fito, mutum fiye da ɗaya ke riƙe da ita. Aikin da kika koya ne, an juya shi kawai.

Batun Kaya kuwa, tacewar jadawali tana aiki ne kan kowane layin da jadawalin ya nuna. Da Suna kaɗai, tambayar ita ce mutumin nan faktir nawa. Da kika ƙara Kaya, ta koma mutumin nan faktir nawa na shinkafa, nawa na sukari. Mai faktir uku, ɗaya shinkafa ɗaya mai ɗaya sabulu, kowane layinsa 1 ne, sai ya ɓace. Shida ɗin da suka rage su ne masu ɗaukar kaya iri ɗaya sau uku. Maganinsa ma'aunin da zai kau da kai daga Kaya:

Faktir Mutum = CALCULATE([Faktir Bashi], ALL(Ciniki[Kaya]))

Ki cire sharaɗin daga Faktir Bashi, ki ja wannan zuwa tacewar jadawalin ki sa masa 3. Ba dole ya bayyana a jadawalin ba. In wata rana kika ƙara Rana, ita ma sai an sa ta cikin ALL ɗin.

Shawarar Baba ma tana shiga. In Alhaji ya yarda a ƙirga faktir ɗin da ya wuce kwana 15 kawai:

Faktir Tsoho = CALCULATE([Faktir Bashi], Ciniki[Rana] <= TODAY() - 15)

Sai dai in kika sa sharaɗi biyu a wurin tacewa, ɗaya na adadi ɗaya na kuɗi, Power BI zai nemi wanda ya cika duka biyun ne, mai kamyon Baba ya sake tsira. Don ki kama wanda ya cika ko da ɗaya, sai ki haɗe su a ma'auni guda:

A Tsayar = IF([Faktir Tsoho] >= 3 || [Kudin Bashi] >= 500000, 1, 0)

Ki tace shi a kan 1. Kwana 15 da jikka 500 ɗin misali ne na sa, Alhaji ne zai faɗi nasa. In kin ba mutane lamba kamar yadda Baba ya ce, ki canza Ciniki[Suna] zuwa gurbin lambar a ma'aunan katin nan biyu.

Ƴar Garin Malam ta rubuta:

Baba, Allah ya ja kwana. Karne biyu ne kuwa, na mangaza da na shagon gaba, ɗan jadawalin Malam ya fito da lambobin da suka yi karo. Na sa musu A da B, jimla ta koma 66.

Sunayen mun zauna da kawu bayan la'asar na karanta masa. Daga 214 sun koma 196. Akwai mutum ɗaya na Matamai da aka rubuta hanya uku, da aka haɗe shi faktir biyar ne a kansa, bai kuma cikin 17 ɗin farko. Kawu ya cire tabarau ya ce in sake karanta kuɗin.

Na isar da saƙonka, Baba. Ya yarda da kwanakin, amma ya ce 20 ga na cikin gari, 30 ga na waje saboda hanya. Iyakar kuɗi kuwa ya ƙi a sa ɗaya ga kowa, wai wanda zai iya ba miliyan ya yi barci daban, wanda jikka ɗari ma sai da shaida daban. Takardar kuma an mai da ita Litinin.

Malam, ke nan a sabon shafin sunayen zan ƙara gurbin kwanaki da na iyakar kuɗin kowa. In na haɗa shafin da Ciniki ta lambar mutum, yaya zan sa ma'aunin ya ɗauko iyakar kowane mutum a madadin 500000 ɗin nan?